Shingen bayan gida a inda ruwa ke kwanciya: littafin aikin daminar 2025

14 ga Yuni

Katangar bayan gidanmu, wadda ke fuskantar kwari, ta faɗi a daminar bara, a makon da ruwa ya rushe tsohon masallacin Birni, farkon Satumban 2024. Tun daga lokacin da zana muka toshe wurin. Tsawonsa mita 18 ne, kuma hanyar da mutane ke bi su gangara tabki a gindinsa take, don haka in zana ta ɗan yage, duk mai wucewa sai ya ga tsakar gida har madafa. Uwargida ta daina shanya a can, girki ma ta mai da shi ɗan lungun da ke kusa da zaure.

Magini ya zo ya duba. Ya ce katangar laka in aka sake ta a nan asara ce, ta bulo kuma sai an haƙa tushe mai zurfi an zuba dutse da ƙarfe, kuma lissafinsa ya haura jika 400. Ba ni da su. Zana kuwa bakwai ake bukata, kowace jika 2 da rabi, ga kuɗin dirkoki, kuma damina guda take yi gindinta ya ruɓe, abin da ya rage gara ta ƙarasa.

Shi ya sa na yanke shawarar shuka shinge mai rai. Abin da nake nema: mai araha, wanda zai wuce tsayin mutum, wanda awakin unguwa ba za su gama da shi ba, kuma saiwarsa ba za ta je ta fasa ramin masai ba. Zan riƙa rubuta yadda ake ciki, saboda gidajen da ke bakin tabkuna a Damagaram ba kaɗan ba ne, kuma damuwar ɗaya ce.

19 ga Yuni

Mun haƙa ramuka uku a kan layin, kowane zurfin hannu zuwa kafaɗa, don a ga ƙasar. Na sama, wajen katangar maƙwabci, yashi ne da ɗan jan ƙasa. Na tsakiya baƙar laka ce mai kama fartanya. Na ƙasa kuwa, ba a kai ƙarshe ba diga ta fara ƙara a kan dutse. Wannan ba abin mamaki ba ne ga ɗan Zinder: garin a kan dutse yake zaune, manyan duwatsun da muke gani a Birni su ne dai a ƙarƙashin ƙafafunmu. Ruwa ba ya samun hanyar nutsewa, sai ya taru a duk wani kwari ya kwanta. Dalilin da ya sa muke da tabkuna a cikin gari ke nan, kuma dalilin da ya sa da rani muke bin ƴan ga-ruwa.

Yadda na raba wurin bisa abin da muka gani bara: mita 5 na sama danshi kawai suke yi, mita 7 na tsakiya taɓo ne daga Yuli zuwa Satumba, mita 6 na ƙasa kuma ruwa na tsayawa har gwiwa a Agusta.

Ladan yaran da suka yi haƙa: jika 1.

22 ga Yuni

Lahadi, kasuwar Mirya. Na tafi da niyyar sayen dashe, na dawo da shawara, wadda ta fi dashen amfani. Wani dattijo mai garka a bakin fadama ne ya zaunar da ni a kan buhu. Da na zayyana masa wurin, tambayar farko da ya yi ita ce, "Malam, a watan Afrilu yaya ƙasar take?" Na ce tana tsagewa, ko diga da ƙyar take shiga. Ya ce, "To ka gani. Kai kana neman abin da ke son ruwa. Abin da ke son ruwa zai mutu maka a bazara. Ka nemi abin da ke jure wata uku ƙafarsa a ruwa, ya kuma jure wata takwas ba ɗigo."

Na ce, "Baba, ayaba fa? Ganyenta faɗi gare shi, da wuri take rufe wuri." Ya girgiza kai. Ayaba danshi take so, ba ruwa kwance ba. In ruwa ya tsaya a gindinta kwana kaɗan sai ta ruɓe daga ƙasa, da rani kuma kullum sai an ba ta, ga iskar hunturu na yayyaga ganyen. Zogale ma haka, ya fi kowa saurin ruɓewa. Bedi, wato dogon yaro, wanda ke ko'ina a titunanmu, ba ya son kwari. Aguwa da cini-da-zugu, waɗanda muka saba kewaye gonaki da su, na tudu ne.

Abin da ya lissafa mini: jema, ciyawar fadama da ake zana da ita, a inda ruwa ya fi zurfi, bagaruwa a bayanta don gaba, lalle a inda ke da ɗan tudu. Ya ce in ina son abin da zai rufe da sauri a shekarar farko in sa rake, amma in shirya faɗa da yara. Ya ambaci giyayya, wadda ke fitowa a cikin tabkuna, sai dai samun dashenta wuya, kuma babbar itaciya ce.

Kuɗin mota zuwa da dawowa da abin da na sa a baki: jika 2.

29 ga Yuni

Abubuwa biyu na cire daga lissafi.

Na farko kacalla. Wani abokin aiki ya ce kyauta zai kawo mini ita, tsayinta ya wuce mita 2, kuma ruwa gidanta ne. Duk gaskiya ne. Amma wanda ya ga yadda ta cinye fadamun Hadeja da Nguru a Najeriya, ta toshe hanyoyin ruwa ta kori manoma da masunta, ba zai kawo ta ƙofar gidansa da hannunsa ba. Ta ƙarƙashin ƙasa take yaɗuwa, irinta kuma iska ke ɗauka. In ta shiga tabkin unguwa ni za a zaga har jikoki.

Na biyu itacen turare. Yana jure ruwa, yana girma da sauri, dashensa arha ne. Sai dai dogo yake tafiya ya bar ƙasa a buɗe, ni kuma daga ƙasa zuwa mita 2 nake son rufewa. Ga saiwa mai bin danshi, masai kuma bai fi taku shida daga layin ba.

3 ga Yuli

Na sayi ƴaƴan bagaruwa rabin tiya a Kasuwar Dole wurin masu sayar wa majema, sefa 300. A garin da jima da dukanci suka yi suna, bagaruwa ba ta wuyar samu. Mun ɓare kwanson, muka zuba ƙwayar a ruwan da aka sauke daga wuta, ta kwana a ciki. Ɓawonta tauri gare shi, in ba a yi haka ba sai ta daɗe a ƙasa ba ta tsiro ba. Yara sun tsinto ledojin ruwa, mun cika 60 da yashi da taki, ƙwaya biyu a kowace.

6 zuwa 10 ga Yuli

Aikin ganuwa. Dattijon ya ce kada in dasa komai a daidai ƙasa, in ɗaga kunya mai faɗi a kan layin. Mun yanko laka daga cikin kwarin kansa, muka haɗa da ɓaraguzan tsohuwar katanga, wadda dama tana nan jibge. A ɓangaren sama tsayin kunyar bai fi taƙi ɗaya ba, a na ƙasa ya kai kusan rabin mita, faɗinta mita guda. Amalanke huɗu na yashi da taki muka zuba a kai don lakar ta saki, kowace jika 1 da rabi. Leburori biyu, jika 9 duka, da abincin rana.

Zana na nan a tsaye ta ciki. Ba za a cire ta ba sai shingen ya kama.

13 ga Yuli

Jema ta iso. Ɗan ƙanena da ke zirga-zirga wajen Matameye ya sa aka tono mini gindi 25 a fadama, buhu biyu, ya ɗoro a mota. Tonowa da kawowa jika 4.

Ga wanda bai taɓa dasa ta ba: gindi guda dunƙule ne na ƴaƴa da yawa. A yanke ganyen a bar kamar santimita 20, a rage saiwar a bar tsawon yatsa, sannan a tsattsage dunƙulen da hannu, ƴaƴa biyu ko uku a kowane kashi. In ya ƙi rabuwa a sa adda. Daga gindi 25 mun fitar da kashi sama da 200. Mun dasa layi biyu a gefen kunyar ta wajen kwari, tazarar taƙi guda tsakanin kowane, a kan mita 13 na tsakiya da ƙasa. A danne ƙasar da ƙafa sosai, in ba haka ba ruwan farko zai tumɓuke su.

Abin da ya sa na amince da ita: saiwarta ƙasa take nufa kai tsaye, tana iya kai mita 2 ko fiye, ba ta bazuwa gefe ta shiga gidan wani. Ita ke riƙe kunyar, ita ke samo mata danshi da rani. Kuma in ta girma ganyen nata na zana ne da jinka. Hannuwanmu sun kwana da ƙamshin saiwar, irin wanda tsofaffi ke jefawa a randa.

17 ga Yuli

Lalle: sanda 30 daga gidan goggo, kyauta, a mita 5 na sama. Ƙanena ya kawo aguwa daga ƙauye ya dage sai an gwada, ya ce a garinsu ko a ina aka soka ta kamawa take. An ba shi mita 2 a tsakiya.

24 ga Yuli

Ruwa biyu masu kyau a makon nan. Jema ta fara fitar da sabon ganye daga tsakiya. Bagaruwa ta tsiro a leda 47.

Na sayi rake guda 8, sefa 200 kowane, aka yanka gaɓa uku-uku aka kwantar a kan kunyar ta cikin gida, bayan zana.

3 ga Agusta

Ranar ƴancin kai, ranar dashen itatuwa. Na leƙa wurin masu renon dashe, na samo gwaba biyu a sefa 250 kowace. Gwaba na jure taɓo fiye da mangwaro da lemo. Na sa su a kusurwar sama, ba don rufi ba, don yara.

Bagaruwa ta yi taƙi ɗaya, amma ba zan fitar da ita yanzu ba. Babbar bagaruwa na tsayawa cikin tabki wata da watanni, ƙaramar kuwa in ruwa ya rufe kanta ta tafi.

12 ga Agusta

Daren jiya aka yi ruwan da ya gwada aikin. Tun bayan isha ake zuba shi har asuba. Da gari ya waye kwarin ya cika, ruwan da ke gangarowa daga unguwar sama ya zo ya tarar da kunya a hanyarsa. Da can ta bayan gidanmu yake ratsawa ya faɗa tabki. Yanzu da ya rasa hanya sai ya kasu biyu: rabi ya ci kunyar a can ƙasa ya ɓalle kusan mita 2, ya tafi da jemar da ke kai, rabi kuma ya juya ya shiga zauren maƙwabcina na yamma.

Alhaji ya zo da sassafe, wandonsa a naɗe har gwiwa. Bai ɗaga murya ba, abin da ya fi ɗaga murya ciwo. Ya ce, "Malam, kai ka rufe gidanka, ni ka buɗe nawa." Buhun gero biyu da ke zauren sun jiƙe daga ƙasa. Muka kwashe su tare, aka baza a kan tabarmi a ɗakin da bai sha ruwa ba. Da hantsi mai unguwa ya zo ya duba, ya bi sawun ruwan da sandarsa tun daga sama har bakin tabki, ya ce kunya ta zauna amma a bar wa ruwa ƙofa a inda ya saba bi, kuma inda ya ɓalle ɗin nan shi ne ƙofar, kada a toshe.

Haka aka yi. Mun gyara bakin ɓarakar ta koma kamar mita 1, muka jera duwatsu a ƙasanta da gefenta don kada ta ci gaba da faɗi, aka tsallaka itace biyu a sama inda zana za ta rataya ba tare da ta taɓa ruwa ba. Dutse a Zinder ba a saye, ɗauko shi ne aikin. Jika 3 ga masu ɗauka. Na kai wa Alhaji tiya biyar ta gero, ya ƙi karɓa, na aika ta hannun uwargida zuwa cikin gida, can aka karɓa.

Duk mai shirin ɗaga ƙasa a bakin kwari, kafin ya sa fartanya ya fita cikin ruwan sama ya ga ta ina ruwa ke bi, ya kuma kira maƙwabtansa su gani tare.

16 ga Agusta

Mun tsinto jema kusan 20 da ruwa ya yar a bakin tabki, an mai da su. Sauran na ƙasa suna cikin ruwa, kan ganyen kawai ake gani.

23 ga Agusta

Aguwa ta gama. Na zaro sanda ɗaya, gindin ya yi baƙi ya yi laushi, yatsa na shiga, ga wari. Duka haka suke. Ƙanena ya ce ƙasar birni ce ba ta da albarka. An cike gurbin da jema da aka tsage daga layin tsakiya.

Lalle 19 sun yi ganye cikin 30. Waɗanda suka mutu duk na ƙarshen layin ne, inda ya fara gangara.

31 ga Agusta

Sauro. Uwargida ta ce tun da aka kawo ciyawar nan ya ƙaru. A ganina ruwan da ke kwance ne ke haifar da shi, ba jema ba, don bara ma da babu shinge haka muka sha. Amma akwai ramukan da muka bari inda aka yanko laka, sun zama ƙananan kududdufai, da na duba da kyau ƴaƴan sauro na wutsil-wutsil a ciki. Waɗannan aikinmu ne. An cike su da ɓaraguzai. Kowa a gidan sauro yake kwana, ƙananan kuma suna karɓar maganin rigakafin zazzaɓi da ake rabawa gida-gida da damina.

Maganar maciji ma ta taso daga maƙwabta. Na sa an share taku biyu kowane gefe na layin, ba ciyawa ba tarkace, kuma haka zai zauna.

9 ga Satumba

Ba wani labari. Cire ciyawa. Rake ya kai ƙirji.

18 ga Satumba

Awaki sun gano rake. Wata uwar garke ta tura kai ta ƙasan zana inda ya ruɓe, sauran suka biyo. Kafin a ankara sun cinye kan fiye da rabi. Jema sun ɗanɗana sabon ganyen suka bari, tsohon ya yi musu kaushi. Lalle ma sun ɗan taɓa. Na sayi ƙayar magarya amalanke guda, jika 2, aka jera ta waje.

Ra'ayina game da rake ya sauya. Yana son wurin, wannan ba shakka, a fadamun Korama ma a irin wannan ƙasa ake noma shi. Amma shingen da sai an yi masa shinge bai cika shinge ba. Zan bar wanda ya tsira yara su sha, ba zan ƙara ba.

28 ga Satumba

Ruwa ya janye daga ƙasa. Jemar da ta yi makonni a nutse ta fito da laka a jiki, ganyen waje ya mutu, amma tsakiya kore. Na ƙirga gurbi 31 babu komai a mita 6 na ƙasa, yawanci kusa da ƙofar ruwa. A tsakiya kusan duka sun kama, har sun fara haɗewa da juna, tsayinsu ya kai ƙugu, wasu sun wuce.

Yau aka fitar da bagaruwa, ƙasa na da danshi amma ba ruwa. Guda 26, tazarar rabin mita, a saman kunyar bayan jema. Ragowar na raba wa maƙwabta, Alhaji ya ɗauki 8. A yanke ledar ta ƙasa da reza, kada a ja dashen, saiwar tsakiya in ta karye sai ya daɗe yana jinya.

12 ga Oktoba

Wani farin abu ya fito a kan lakar ƙasa inda ta bushe, na ɗanɗana, kanwa-kanwa. Jema da bagaruwa ba su nuna damuwa ba. Gwaba ɗaya bakin ganyenta ya ƙone, ko da yake tana sama. Na ƙara mata taki da ruwa.

2 ga Nuwamba

Lissafi zuwa yau: jika 29 da ƴan kai, har da gyaran ɓaraka da ƙaya, ban da geron Alhaji. Zana uku na canja a kan jika 7 da rabi, don har yanzu ita ke rufe mu. Wanda ya ce maka shinge mai rai zai suturta gida a damina guda bai dasa ba. Jema a tsakiya ta kai ƙirjina, in mutum na zaune a tsakar gida ba a ganinsa daga hanya ta wannan ɓangaren, in ya miƙe ana gani. Ƙasa da saura sosai. Lalle ya kai gwiwa.

Yanzu rabin jarrabawar na biyu ya fara, wato rani. Ruwan wanke-wanke da na alwala duk an juya su zuwa layin ta ƴar lamba da muka haƙa, na wanki mai sabulu da yawa ban da shi. Bagaruwa da lalle za su samu bido (jarkar ruwa) biyu a mako har su kafu, daga Maris kuma in ƙara, bido na sefa 50 in famfo na zuwa, in ya ɗauke ya ninka. Jema ba zan ba ta ba sai na ga ta fara naɗe ganye.

A Disamba zan aske kan jema daidai gwiwa a ɓangaren da ya yi kauri don ta ƙara ƴaƴa, in rufe gindin bagaruwa da abin da aka yanka. Bagaruwa in ta kai ƙugu zan tsinke kanta ta yi rassa tun daga ƙasa, in ba haka ba itaciya za ta zama, a riƙa leƙe ta ƙarƙashinta. Gurbi 31 na ƙasa sai farkon Yuni, da ruwan fari, don su sami makonni su kafa saiwa kafin kwarin ya cika. Wannan karon ba sai an je Matameye ba, daga layin tsakiya zan tsaga.